Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu DJ, masu tura waƙa da masu situdiyo na Zariya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yayyena da ƙannena da muke cin abinci a harkar sauti a garin nan, daga na PZ da kasuwar Sabon Gari har na Tudun Wada, Kwangila, Samaru da cikin birni, ina gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da rashin wuta. Da yawanku kun sanni, wasu a hannuna suka koyi haɗa waya da kwamfuta, wasu kuma ni na koya a wajensu, dan haka dan Allah kar wanda ya ɗauki maganar nan raini. Kusan wata huɗu kenan ina juya ta a raina, yau dai nace bari in rubuta kowa ya gani.

Roƙona shine mu ƙaurace ma manyan kamfanonin waƙa guda uku na duniya, Universal da Sony da Warner. Mu janye musu kuɗinmu da kunnuwanmu da sifikunmu, abinda muka janye kuma mu kai shi wajen mawaƙin da zamu iya miƙa ma haƙƙinsa hannu da hannu. Wanda a fahimtarsa kiɗa gaba ɗaya bai halatta ba ina girmama shi, bada shi nake ba, ina magana ne da mu da muka riga muka shiga sana'ar kuma muke ciyar da iyali da ita.

Ga abinda ya tayar min da maganar. Akwai wani yaro da yake zuwa ɗan situdiyon da na buɗe a bayan shagona, ɗan wajen Tudun Jukun ne, shekararsa bata wuce ashirin da biyu ba, Allah ya bashi murya wallahi, irin wadda in yana rerawa masu wucewa suke rage tafiya. Wata rana ya shigo yana rawar jiki, wai Oga na samu kamfani, wasu mutane sun ga bidiyonsa sun kira shi zasu bashi dubu ɗari uku kuɗin kafin alƙalami, ya sa hannu kawai. Ya miƙo min takarda shafi tara duk da turancin lauyoyi, ni kaina da nake ganin na ɗan yi boko na karanta sau biyu ban fahimci rabinta ba. Nace mishi kar ka sa hannu tukun, muka hau mashin muka tafi Kongo, harabar jami'ar ABU da ke nan Zariya, wajen wani ƙanin matata da yake karatun lauya. Yaron nan ya zauna ya warware mana ita layi layi, ashe dubu ɗari ukun bashi ne, sai sun fanshe shi daga ɗan kason mawaƙin kafin ya ga ko sisi, kuɗin situdiyo da na bidiyo da na talla duk a wuyansa za'a rubuta, sannan uwar waƙar, wato asalin naɗin da akayi, ta zama tasu har abada ko da ya gama biyan bashin. Harda kaso a kuɗin da zai samu in an gayyace shi biki. Bikin da su basu san ma anayi ba.

Waɗannan mutanen wani ƙaramin kamfani ne, ba ɗaya daga cikin ukun can bane kuma bazan faɗi sunansu ba. Amma ƙanin matar tawa yace min Yaya ai wannan ba su suka ƙirƙiro ba, kwafa sukayi, haka kwantiragin manyan yake tun zamanin garmaho. Daga ranar na fara bin diddigi, duk dare in na rufe shago sai in zauna da waya ina karantawa, abinda na gani shi ya hanani yin shiru.

Kamfanonin nan uku su suke riƙe da wajen kashi biyu cikin uku na kasuwar waƙoƙin da aka naɗa a duk duniya. Da sun fi haka yawa, suka dinga haɗiye juna, EMI da iyayenmu suka sani a jikin faifai ma Universal ta saye ɓangaren faifanta a 2012. Kuma basu cika fitowa da sunansu ba, shiyasa zaka ji mutum yace ni ai bana jin kayansu alhali wayarsa cike take dasu. In kaga Def Jam ko Interscope ko Republic ko Island ko Motown to Universal ce. RCA da Columbia da Epic na Sony ne. Atlantic kuma ta Warner ce. Ka buɗe waƙa a Spotify ko YouTube ka gangara can ƙasa, sau da yawa zaka ga wani ɗan harafin P a cikin da'ira da shekara da sunan kamfani, to wannan shine mai waƙar a gaban doka, wanda ya rera sau da yawa ɗan aiki ne kawai a gonar da shi ya share da hannunsa.

Kar ku ɗauka ƙananan mawaƙa kaɗai abin yake ci. Prince, wanda a Amurka da wuya ka samu gidan da ba'a sanshi ba, rigimarsa da Warner akan mallakar waƙoƙinsa ta kai a 1993 ya ajiye sunan nasa gaba ɗaya ya koma amfani da wata alama, yana fitowa gaban jama'a da kalmar bawa rubuce a kumatunsa. Mutumin da yake da kuɗi da lauyoyi kenan. To ina ga yaron Tudun Jukun.

Amma ni abinda yafi ƙona min rai a matsayina na wanda ya shekara goma sha yana gyaran kwamfuta shine abinda sukayi ma masu saye, mutanen da suka ciro kuɗinsu na halak suka sayi faifai na asali. A 2005 Sony BMG, wato kamfanin waƙar Sony na lokacin, ta fitar da faifan CD miliyoyi da wata manhaja a ɓoye a ciki. Kai dai ka sayo faifanka ka saka a kwamfutarka dan kaji waƙa, sai abin ya dasa kansa can cikin Windows ya ɓuya yanda ko ka duba bazaka ganshi ba, wai dan ya hanaka kwafa. Wani masanin kwamfuta mai suna Mark Russinovich ne ya gano shi a ƙarshen Oktoba na shekarar, ya faɗa ma duniya. Abin bai tsaya nan ba, ƙofar da manhajar ta buɗe dan ta ɓoye kanta sai masu haɗa bairos suka fara bi ta nan suna ɓoye nasu, wanda yayi ƙoƙarin cire ta da kansa kuma wani sai wajen saka CD ɗin kwamfutar ya daina aiki. Ku da kuke gyara kun san me wannan yake nufi, mutum ya kawo maka na'ura yana kuka aikinsa na ciki kai kuma ka rasa ta ina ciwon ya shiga. Jihar Texas ta maka su kotu, aka janye faifan daga kasuwa, daga baya hukumar kasuwanci ta Amurka tasa su biya mutane har dala 150 kuɗin gyara. Ku duba fa, wanda ya sato waƙar a intanet ba abinda ya samu kwamfutarsa, wanda ya biya shi aka cutar. Da a kasuwar Sabon Gari ne wani ya sayar maka da buhun masara ya zuba maka ƙwari a ciki dan kar ka ɗiba ma maƙwabci, wallahi ko sarkin kasuwa bai sa baki ba ba mai sake tsayawa a rumfarsa.

Kafin wannan ma a shekarar 2000 hukumar nan ta Amurka ta kama manyan kamfanonin lokacin da matsa ma masu shaguna kar su tallata CD da araha, tace abinda aka ƙara ma masu saye ya kai wajen dala miliyan 480. Sai kuma a 2005 da 2006 babban lauyan jihar New York ya tono yanda suke ba ma'aikatan rediyo na goro a ɓoye dan a dinga saka waƙoƙinsu, Sony BMG ta biya dala miliyan 10, Warner miliyan 5, Universal miliyan 12. Wato waƙar da kake ji ko ina har ka ɗauka jama'a ne suka zaɓe ta, wani lokacin kuɗi ne ya zaɓa maka.

Sannan suka juya kan talakawa. A watan Satumba 2003 ƙungiyarsu da ake kira RIAA ta kai mutum 261 kotu a rana ɗaya saboda sun raba waƙa a intanet, a cikinsu harda yarinya 'yar shekara 12 a New York wadda sai da uwarta ta yarda da biyan dala 2,000 aka ƙyale su. Wata mata mai 'ya'ya a jihar Minnesota akan waƙa 24 kacal aka yanke mata dala 222,000, da aka sake shari'ar a 2009 kuɗin ya haura dala miliyan 1.9 kafin daga baya a dawo da na farkon. Kafin su daina a ƙarshen 2008 sun bi sama da mutum 30,000, ɗalibai da tsofaffi da marasa aikin yi. Ban ce ɗaukar kayan mutum ba izini daidai bane, zan zo kan wannan dan ni ma ina da laifi a ciki, amma hukunci ai yana da ma'auni, wanda ya tsinki mangwaro ɗaya ba'a ƙwace mishi gida.

Nasan wani zai ce Malam wannan duk labarin Amurka ne kuma ya wuce, mu ina ruwanmu. Sun iso ai. Universal ta buɗe ofis a Legas a 2018, Warner ta ƙulla da kamfanin waƙa na Najeriya Chocolate City a 2019, a farkon 2024 kuma aka sanar Universal zata sayi kaso mafi tsoka a Mavin, shima kamfanin waƙa na Najeriya. Manyan mawaƙan kudu da kuke sakawa a kowane dina da yawansu a ƙarƙashin rassan ukun nan suke. Kudu suka fara saboda can kuɗin ya fara fitowa, amma masu jin Hausa miliyoyi ne daga nan har Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan, kuma lambobin da waƙoƙinmu suke haɗawa a YouTube ba a ɓoye suke ba, kowa yana gani. Ranar da zasu waiwayo arewa dillalai zasu fara turowa da takarda shafi tara, irin wadda aka kawo ma yaron nan.

Ko yanzu ma hannunsu yana cikin wayarka. Ku tuna watan Fabrairu 2024 da Universal ta samu saɓani da TikTok akan kuɗi ta janye waƙoƙinta, mutane suka wayi gari bidiyoyinsu sun zama kurame, har na biki da na suna da mutum ya ajiye dan tarihi, sai a watan Mayu da suka shirya sannan sauti ya dawo. Ba wanda ya tambayi mawaƙan, ba wanda ya tambayi masu bidiyon. Haka kuma wanda yake biyan kuɗin wata a Spotify yasan cewa ba sayen waƙa yayi ba, haya yake, ranar da ya kasa biya ko kamfani ya janye shikenan. Kuɗin naka kuma ba wai yana tafiya wajen wanda ka saurara bane kai tsaye, ana zuba na kowa a tukunya ɗaya ne a raba gwargwadon yawan sauraro, dan haka ko wata guda kayi kana jin ɗan unguwarku shi kaɗai, kaso mai yawa na kuɗinka wajen masu manyan lambobi zai tafi. Daga 2024 ma suka ce duk waƙar da bata kai sauraro 1,000 a shekara ba bata da ko kwabo. Kaset ɗin da babana ya saya a Tudun Wada tun ina firamare har yau yana nan a akwati, in na samu rediyon da zai juya shi zai yi, ba mai zuwa ya karɓe.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, dan bazai yiwu in nuna ma wasu yatsa in ɓoye hannuna ba. Na shekara takwas ina tura waƙa a memori, naira hamsin, naira ɗari, a cika maka waya. Da kuɗin nayi aure, da shi na biya haya. Ban taɓa ba mawaƙi ko ɗaya ko naira biyar ba, ban ma taɓa kawo ma raina cewa da haƙƙin wani a ciki ba tunda kowa haka yake yi. Wata ranar Alhamis wani bawan Allah ya tsaya a bakin shagona, dattijo dattijo haka, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe, yana jin waƙar da na ƙure a sifika. Yace ɗana nawa kake tura wannan? Nace hamsin ne Baba. Yayi shiru yace ni nayi ta. Wallahi na ɗauka wasa yake sai da ya bi baitin da bakinsa, muryar ce sak. Bai zageni ba, bai ce in goge ba, abinda ya roƙa kawai in taimaka mishi da kuɗin mota zuwa Giwa. Waƙar nan na tura ta yafi sau dubu. Na bashi abinda ke aljihuna ya tafi yana min godiya yana sa min albarka, ni kuma na kasa cin abinci ranar. Har yau in na tuna godiyar nan sai inji wani abu ya tokare min ƙirji.

Shiyasa nake roƙonku kar wanda ya fassara ƙauracewar nan da cewa to tunda azzalumai ne bari mu sace nasu. A'a. In ka sace ka saka a biki ai talla ka musu kyauta, yaran da suka ji gobe su zasu je su nema a intanet kuɗin ya koma inda muke gudu. Barin kayan ake gaba ɗaya. Kuma ba gaba muke da mawaƙan Najeriya da suka sa hannu da su ba, 'yan uwanmu ne, kowa da abinda ya kai shi, wani ma da ya samu mai karanta mishi takardar da bai sa ba.

Wani abokina mai DJ a Samaru yace min, kai yanzu dan Allah mu ɗin nan har nawa muke da kamfanin da yake juya biliyoyin dala zai san mun yi fushi? Gaskiya ya faɗa, bazasu sani ba, ko duk Zariya ta daina ba abinda zai ragu a lissafinsu da zasu lura. Amma mawaƙin Gyallesu zai sani. Mai kalangun da aka daina kira biki tunda aka samu sifika zai sani, yarinyar da take rera waƙar amare a Ƙofar Doka zata sani. Awa huɗu DJ yake yi a wajen dina, in awa ukun da yake ba kayan waje ya juyo dasu gida, a wata shida sai kunnen garin nan ya canza, dan mu muke koya ma mutane abinda zasu so, abinda muka maimaita shi yara suke haddacewa. Abokin nawa yace to in amarya ta kawo nata jerin waƙoƙin fa? Nace ka saka mata, bikinta ne kuɗinta ne, amma ka nuna mata namu tukun, da yawa basu ƙi ba, ba'a taɓa basu zaɓi bane.

Mu fa muna da hanyarmu tun kafin a ƙirƙiro kamfani. Liƙi. Mawaƙi yana waƙa kana jin daɗi ka tashi ka manna mishi a goshi, ba dillali ba takarda, kowa yana gani. Garin da jami'arsa ta ɗauki Mamman Shata ta bashi digirin girmamawa a 1988 bai kamata ace sai an koya mishi darajar mawaƙi ba. Yanzu da kowa yake da asusu a waya liƙin ma yafi sauƙi. Ni dai abinda na fara tun bayan sallah, duk waƙar ɗan gida da na tura ina da littafi ina rubutawa, ƙarshen wata in lissafa in tura ma mai ita kasonsa, wanda ban samu lambarsa ba in ajiye mishi. Ba yawa, wani dubu biyu wani dubu uku da ɗari biyar, amma akwai wanda ya kirani yana tambaya ko kuskure nayi, da na mishi bayani sai da muryarsa ta karye. Masu turi in mu ashirin mukayi haka ba ƙaramin abu bane. Annabi sallallahu alaihi wasallam yace a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, mu gumin wasu ya shekara ashirin da bushewa muna ci.

Masu situdiyo ku kuma amana ce a hannunku, yaran nan ku suke fara kawo ma takarda kafin iyayensu ma su sani. Dan girman Allah kar ku bari yaro ya sa hannu a abinda ba'a fassara mishi da Hausa ba. Ku tambaya uwar waƙar ta waye, shekara nawa, kuɗin da za'a bashi kyauta ne ko bashi, in yana so ya fita ta ina zai fita. Kongo cike take da ɗaliban lauya da malamansu, ga lauyoyi a gari da zasu duba maka da ɗan abinda bai taka kara ya karya ba. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa ma hannu a watan Maris 2023, akwai hukumar da take kula da ita, akwai kuma FCCPC ta kare haƙƙin masu saye wadda a 2024 ta ci kamfanin Meta mai Facebook tarar dala miliyan 220, kenan in an kai ƙara da hujja ana iya taɓa manya. Mu ma kanmu masu situdiyo mu daina riƙe ma yaro uwar waƙarsa dan ya rage mana dubu biyar, abinda muke zargin Universal dashi kenan, girman ne kawai ya bambanta.

Yaron Tudun Jukun bai sa hannu ba. Yayi fushi dani kusan sati uku baya gaisheni, dan ya riga ya faɗa ma mahaifiyarsa zai canza mata kwanon ɗaki kafin damina, kuma har yanzu bai canza ba, wannan yana damuna sosai bazan ɓoye muku ba. Ya dawo dai, mun naɗa waƙa biyu, duka nashi ne da sunansa, na rubuta mishi a takarda da Hausa na sa hannu shima ya sa. Masu DJ da suke so su saka a biki su zo su karɓa, abinda suka ga zasu iya su tura mishi kai tsaye ba ta hannuna ba.

Ranar Asabar bayan la'asar ina shago, duk wanda yake so yaga littafin da nake rubutawa ko mu zauna mu tsara yanda za'a dinga raba kason ya zo, wanda yake ganin nayi kuskure a wani waje shima ya zo ya gyara min. In akwai wanda yasan dattijon nan na wajen Giwa ko wani nashi dan Allah ya haɗani dasu, akwai kuɗinsa a wajena.

Naku,
ɗan uwanku mai tura waƙa,
Sabon Gari, Zariya.